Lasifika ɗaya, hukunci biyu: abin da ɗaki da ido suke yi wa kunne

Duk wanda ya zauna cikin 'yan'uwanmu masu sha'awar kayan sauti a Jidda ko Makka ya san wannan gardamar. Wani ya rantse cewa lasifikar kamfani kaza ba ta da ta biyu, shi da kunnensa ya ji. Wani ya ce shi ma ya ji ta a gidan abokinsa, ban da rugugi ba abin da take yi, asarar kuɗi ce kawai. Idan an gaji sai a ce ai kowa da kunnensa, a sha shayi a watse. Ni ban yarda da wannan sulhun ba. Dukansu gaskiya suka faɗa, sai dai ba abu ɗaya suka ji ba, kuma bambancin bai cika zama a kunnen ba. Yana ga ɗakin, da inda aka zauna a ɗakin, da yawan ƙarar da aka saka, da kuma abin da ido ya riga ya gani tun ba a kunna ba.

Abin yana damuna saboda kuɗin da ake magana ba na wasa ba ne. Lasifikar kamfanin Bowers & Wilkins samfurin 801 D4, da ta fito a 2021, an sa mata dala 35,000 guda biyu a lokacin. A canjin riyal 3.75 kan dala, ka haura riyal 131,000 ke nan, tun ba a ɗora harajin kashi 15 cikin 100 ba. Akwai waɗanda suka ninka wannan sau goma. Yawancinmu ba a nan muke ba, amma ko ta riyal dubu takwas ce, gumin watanni ne ga mai aikin albashi. Bai kamata a yanke hukunci a kanta da sauraron minti goma a shago ba.

Ɗakin ne babba a cikin lamarin. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya. Sauti mai kauri, wanda masu kiɗa ke kira bes, igiyarsa doguwa ce: mai karkarwa 40 a sakan, wato haz 40, tsawon igiyarsa ya haura mita takwas da rabi. Ya fi ɗakin tsawo ke nan. Idan ya fito ya bugi bango sai ya dawo ya haɗu da wanda ke fitowa a bayansa. A wani wurin su ƙara wa juna ƙarfi, a wani wurin su kashe juna. Kuma ba bisa sa'a abin ke faruwa ba, girman ɗakin ne ke yanke inda zai faru. Lissafin ba wuya: a raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin, sannan a riƙa ninka amsar sau biyu, sau uku, sau huɗu. A ɗauki majalisi, wato ɗakin zaman baƙi, irin wanda muka saba gani a gidajen haya na nan, mita shida a tsawo, huɗu a faɗi, uku daga ƙasa zuwa silin. Tsawon zai riƙa kumbura sauti a haz 29, da 57, da 86, da 114. Faɗin zai kumbura 43 da 86. Tsayin zai kumbura 57 da 114. A lura da yadda 57 da 86 da 114 suka fito sau bibbiyu. Nan ne rugugin ke taruwa. Muryar namiji baligi kuwa tushenta yana tsakanin haz 85 zuwa 180, don haka biyu daga cikin wuraren nan uku sun faɗo daidai kan muryar mai karatu ko mai sharhin ƙwallo.

A jikin bango sautin nan ya fi ƙarfi, a lungu ya fi ko'ina. A tsakiyar ɗaki kuma wasu daga cikinsu suna ɓacewa kusan ƙurmus. Ba abin mamaki ba ne a auna bambancin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 10 zuwa 20 a sautin bes guda tsakanin mazauni biyu na ɗaki ɗaya, alhali ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙara. Da wuya ka sami bambanci mai girman wannan tsakanin lasifikoki biyu masu kyau. Bajamushe Manfred Schroeder ya nuna cewa kowane ɗaki yana da iyakar da daga ita zuwa ƙasa shi ke mulkin sauti, kuma a ɗakunan gida iyakar tana wajen haz 200 zuwa 300. Duk abin da ke ƙasa da nan, idan ka yaba ko ka kushe, rabin maganarka a kan maginin gidan take.

To a ina muke zama? A jikin bango. Tsarin majalisi ke nan, ko na ƙasa mai katifu da matasai, ko na kujeru da suka zagaye ɗakin, tsakiya a bar ta fili don cin abinci da salla. Lasifikar kuma a kai ta lungu, domin nan ne kawai ba ta tare hanya. Kowane bango da ka matso da ita kusa da shi yana iya ƙara wa bes ɗinta har desibel 6. An haɗa mai sauraro da lasifika duk a wuraren da rugugi ya fi yawa. Su kuwa masu ƙera waɗannan manyan lasifikoki, mutum ɗaya suke hange: yana kan kujera, kunnensa daidai da ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, nisan da ke tsakanin lasifikokin biyu daidai da nisan kowace zuwa gare shi, kuma dukansu sun rabu da bango da kamar mita guda. Wanda ya zauna a ƙasa, kunnensa ya sauka ƙasa da wannan bakin sosai, kuma tuni sautin da ke isa gare shi ya sauya.

Na ga wannan a gidan wani dattijo ɗan kasuwa a Makka. Ɗansa ya sayo masa dogayen lasifikoki biyu don sauraron karatun Alƙur'ani, aka jingina su a lungu biyu, ƙasan ɗakin tayil ne, da siririyar darduma a tsakiya. Dattijon yana zaune a wurinsa na kullum, bayansa a bango, ya ce, "Kai, wannan abin naka muryar ta yi kauri da yawa, ba na rarrabe harufa. Ƙaramar rediyona ta fi ta." Yaron, wanda ke tsaye kusa da tsakiyar ɗakin riƙe da rimot, ya ce, "Baba, don Allah taso ka zauna nan ka ji." Aka kawo kujera, aka janyo lasifikokin taku biyu daga lungu. Bai ce komai ba har aka kai ƙarshen surar, sannan ya ce a bar kujerar a nan. Waya ɗaya ba a canza ba. Maganarsa ta farko ma tana kan hanya: ƙaramar rediyo ba ta fitar da bes, saboda haka ba ta tayar da rugugin ɗakin, sai harufa su fito tas. Babbar lasifika mai iya sauka ƙasa ita ce ke tone asirin ɗaki.

Daga iyakar Schroeder zuwa sama, matsalar ta zama ta amsa-kuwwa. Idan kana zaune mita biyu ko uku daga lasifika, mafi yawan ƙarfin sautin da ke shiga kunnenka sai da ya bugi bango ko ƙasa ko silin tukuna. Ƙwaƙwalwa ba ta jin waɗannan a matsayin sauti dabam idan sun iso cikin ɗan ƙanƙanin kaso na sakan ɗaya, tana haɗe su da na farko, abin da Helmut Haas ya yi bincike a kai wajen 1950. Amma haɗewar tana sauya launin muryar. Gine-ginenmu na nan bulo ne da siminti, ƙasa tayil ko marmara, ga gilashi. Duk ba sa shan sauti, mayar da shi suke. Lasifikar da aka ɗan ƙara wa siririn sauti za ta ji daɗi a ɗakin gwaji mai kafet da labule masu nauyi, ta zo gidan marmara ta riƙa soke kunne. Wadda aka ce ba ta da armashi a shago tana iya zama ita ce daidai a gidan. Mai sayen shadda ya san wannan: ba ya yarda da launin da ya gani ƙarƙashin fitilar kanti, sai ya fito da ita rana. Matsalar lasifika ita ce ba ta da rana guda da za a fito da ita, sai dai ɗakin da za ta zauna.

Tun 1895 aka fara auna wannan, lokacin da jami'ar Harvard ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani zauren lacca da ba a jin maganar malami a cikinsa. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren da dare, yana ƙidaya tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Daga nan aka sami lissafin da ake amfani da shi har yau. A ɗakin sauraro na gida ana son sautin ya mutu cikin ƙasa da rabin sakan. Tafa hannu a falon da ba kaya ka saurara, za ka ji wutsiyar tana ja. Amma a kula: siririn kafet da labule siririn sauti kawai suke sha. Rugugin yana nan daram, sai ma ya ƙara fitowa tunda an rage abin da ke samansa. Katifu masu kauri, kantar littattafai, da jikin mutane su kansu sun fi aiki. Shi ya sa majalisi cike da baƙi da majalisi wayam ba sa ba da sauti ɗaya.

Ga kuma mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, ba mai kashe shi don ya saurari wani abu. Na taga, irin tsofaffin nan, ƙararsa tana kai desibel 50 ko fiye, alhali ɗaki mai shiru yana wajen 30. Abin da kake biyan kuɗi mai yawa dominsa, wato numfashin mai karatu, da yadda sauti ke narkewa a cikin masallacin da aka ɗauka, da taɓin yatsa a kan tsirkiya, duk a can ƙasa suke, kuma su gunjin mukayyif ke fara haɗiyewa.

Batun ƙara kuwa shi ne mafi sauƙin yaudara, ko da ba wanda ya yi niyyar yaudara. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na cibiyar Bell a Amurka suka nuna cewa kunne ba ya jin kowane sauti daidai. Ya fi kaifi tsakanin haz 2,000 zuwa 5,000, kuma idan ƙara ta yi ƙasa, bes ne ke fara ɓace masa. Ƙara kaɗan, sai bes ya cika, komai ya buɗe. Idan aka kunna lasifikoki biyu ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ta ɗara da desibel guda, ba za ka ce ta fi ƙara ba, cewa za ka yi ta fi kyau. Lasifikoki kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba: a wuta iri ɗaya wata tana ba da desibel 86, wata 91. Barin maɓallin ƙara a wuri guda bai daidaita komai ba ke nan. Ƙari a kan haka, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin zubin sauti fiye da 'yan sakanni. Wanda ya ji wannan a titin Tahliya na Jidda ranar Alhamis, ya ji waccan a Riyad bayan mako biyu, ba sauti biyu yake gwadawa ba, tunaninsa biyu yake gwadawa.

Sai ido, wanda mutane suka fi ƙin a taɓa, domin kowa yana ganin shi ya wuce nan. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive suka gabatar da wani gwaji da suka yi a kamfanin Harman, mai JBL da Revel. Ma'aikata 40, lasifikoki huɗu: uku manya masu tsada, ɗaya ƙarama mai araha da akwatin bes ɗinta. An saurare su a bayan labule ana ba kowace maki, sannan aka saurara ana ganinsu, an san sunan kamfani da farashi. Da aka ɗage labule, makin manyan ya tashi, na ƙaramar ya sauka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na biyu. A bayan labule, idan aka sauya wa lasifikokin wurin zama, maki yana sauyawa, domin sautin ya sauya da gaske. Ana ganinsu kuwa, sauya wuri bai cika motsa makin ba. Mutanen sun riga sun yanke hukunci, sautin da ke shiga kunnensu ya daina tasiri. Hausawa suka ce gani ya kori ji, ga shi an auna. Kuma ƙwararrun cikinsu ba su tsira ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Daga 1915 kamfanin Thomas Edison ya riƙa shirya taruka inda mawaƙi zai tsaya kusa da garmaho suna rerawa tare, a kashe fitila, mawaƙin ya sulale, jama'a su kasa gane lokacin da ya tafi. Na'ura ce mai ƙaho, ba bes na gaske, ba siririn sauti. Amma an shirya zauren, mawaƙan sun koyi kwaikwayon muryar na'urar, kuma jama'a sun zo da niyyar mamaki. Ɗakin gwaji na shagon zamani ɗan gidan wannan ne: fitila a rage, kujera ɗaya mai laushi a daidai wurin, gahawa da dabino, da faifan da mai shago ya san yana fito da kayansa. Ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba. Kowane ɗan kasuwa yana nuna hajarsa a inda ta fi kyau. Mai saye ne ya kamata ya san cewa ɗakin ba ya cikin kwalin.

Daga nan wasu ke zarcewa su ce ashe duk lasifika ɗaya ce, tsadar banza ce. Wannan ma kuskure ne, kuma binciken da suke kafa hujja da shi akasin haka ya nuna. Toole ya fara aikin nan a hukumar bincike ta gwamnatin Kanada da ke Ottawa, kafin ya koma Harman a 1991, kuma abin da ya samu shi ne idan aka rufe ido, aka daidaita ƙara, aka ajiye kowace a wuri ɗaya, mutane suna yawan haɗuwa a kan wadda ta fi. Harman ta gina ɗaki a Kalifoniya mai na'urar da ke janye lasifika ta turo wata daidai gurbinta cikin 'yan sakanni, duk a bayan labule. A 2003 Olive ya wallafa sakamakon mutane fiye da 250, da 'yan kasuwar kayan sauti, da marubutan mujallu, da ɗalibai, da horarrun masu sauraro. Jerin fifikonsu ya zo kusan iri ɗaya. Horarrun sun fi rowar maki kuma sun fi tsayawa a kan magana ɗaya, amma wadda suka sa a gaba ita sauran suka sa. Wadda ke cin nasara ita ce wadda ba ta fifita wani sauti a kan wani, sautin da take watsawa gefe yana kama da na gabanta, kuma bes ɗinta yana sauka ƙasa sosai. Farashi bai cika bin wannan jerin ba. A lissafin da Olive ya fitar a 2004, bes kaɗai ya ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ke sa a fifita lasifika, kuma shi ne ɓangaren da ɗaki ya fi riƙewa a hannunsa.

Gaskiya ne Harman mai sayar da lasifika ce, kuma gaskiya ne ajiye kowace a gurbi ɗaya yana iya tauye wadda aka ƙera don lungu ko don jikin bango. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe ne masu nauyi. Amma maganinsu shi ne a kyautata gwajin, ba a koma ga ɗage labule ba. Haka nan ba na ganin laifin wanda ya ce yana son akwatin don kyan katakonsa, ko don abin da baƙi za su gani. Kuɗinsa ne, kuma kyan gani daraja ce. Iyaka dai ya kira abin da sunansa, kada ya ce kunne ne ya zaɓa.

Kunnen shi ma yana tsufa. Yaro yana ji har haz 20,000, amma wannan saman yana zaizayewa da shekaru, kuma ya fi saurin tafiya ga wanda ya yi aiki cikin hayaniya. Da yawa cikin mutanenmu a nan sun yi shekaru a wuraren gini, a gareji, ko a kan titi da mota. Toole ya lura cewa masu raunin ji sun fi sauya hukunci daga gwaji zuwa gwaji. Sannan akwai sabo. Mai shago zai ce ka ba ta sa'o'i ɗari ta saki jiki. Robar da ke riƙe da bakin lasifika tana ɗan laushi a farkon amfani, wannan haka ne, amma a ganina mafi yawan abin da ke sakin jiki a makonnin nan ƙwaƙwalwar mai ita ce, tana koyon ɗakin tana yafe masa. Shi ya sa mai gida ba ya jin rugugin da baƙo ke ji tun daga bakin ƙofa.

Wanda ke shirin saye, ya nemi a bar shi ya gwada a gidansa, ko a yi yarjejeniyar mayarwa a rubuce. Ya tafi shago da abin da ya sani ciki da waje, kuma ba abin da ya kai muryar mutum, domin ita kunne ya fi ƙwarewa a kai: karatun da ya haddace zubinsa, ko muryar wani na gida da ya ɗauka. Ya daidaita ƙara da ma'aunin da ke cikin waya, ya juya baya ya sa wani ya riƙa sauyawa. Ya saurari guda ɗaya tak maimakon biyu, domin aibin lasifika ya fi fitowa a haka. Idan kuma kayan sun riga sun shigo gida, akwai manhajar REW ta kyauta, da ƙaramar makirfo ta awo da kuɗinta bai wuce 'yan ɗaruruwan riyal ba, za su zana masa inda ɗakin ke kumbura. Na'urorin gyara irin su Dirac da Audyssey suna iya rage kumburin, amma ba sa iya cike gurbin da sauti ya kashe kansa, sai dai a matsar da lasifika ko mazauni.

Ga majalisi kuwa, inda ba mutum ɗaya ake so ya ji daɗi ba, binciken Todd Welti na farkon shekarun 2000 ya fi dacewa da mu. Ya nuna cewa akwatunan bes biyu a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna, ko huɗu a rarrabe, suna rage bambancin da ke tsakanin mazauni da mazauni fiye da babba guda ɗaya. Matsakaitan lasifikoki biyu a ɗage daidai da kunnen mazauna, da ƙananan akwatunan bes biyu a inda ya dace, za su ba mutum goma sha biyar da ke jingine da bango sauti mafi daidaito fiye da dogaye biyu masu nauyin kilo ɗari-ɗari da aka cusa a lungu.